Tabon Goshin Baba

Gidan Igwai, Sakkwato
14 ga Maris, 1978

Zuwa ga ƙanena Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku da sanyin Landan. Mu nan ƙalau, ɗiyata Dijatu ta sauka, an samu mace.

Takardarka ta iso, kuma tun da na karanta ta raina yake a ɓace. Wai a turo Baba a canza masa gwiwar hagu gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa ta dama. Siddiƙu, ko kunya ba ka ji? Bara likita ya ba ka zaɓi: ko a gyara gefen da ya cinye kawai a bar masa jijiyoyinsa, ko a cire gwiwar duka a sa ƙarfe. Ka zaɓi babban aiki ba tare da ka tambayi mai ƙafar ba, don ku da kuɗin man fetur ya buɗe wa ido gani kuke mai tsada shi ne mai kyau. Ka ce ya fi ƙarko. Na yarda ciwo ya tafi, amma ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Mutumin da ya shekara talatin yana limanci, yau Malam Mode ke jan salla, shi yana kan kujera a ƙarshen sahu. Hagun nan kaɗai ta rage masa, da ita yake lallaɓawa ya kai goshi ƙasa da asuba, in ya dafa bango.

Mun kai hoton ƙashin wurin likita a nan. Ya ce gefen ciki ne kawai ya cinye, rabin aiki zai isa, ko da wata rana sai an sake taɓawa. Baba ya ce ya ji ya yarda, shi ba zaman duniya ya zo yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka fasfonsa yana cikin adakata, ba zai fito ba sai ka rubuto da hannunka cewa rabi za a yi.

Jiya ina zuba masa ruwan alwala na dubi goshinsa. Tabon sallar nan da muka tashi muna gani ya fara gogewa. Shi ma ya sani, don yanzu har gira yake jawo hularsa.

Inna da Mariyatu suna gaishe ku. Ka gaida Hadiza, ita ba ta yi mini laifi ba.

Yayarka,
Bara'atu