Harbin Sama a Dajin Vincennes

Paris, Lahadi

Zuwa ga Yallaɓai Théodule Garnache,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya. Ka yafe mini wannan ƙarfin hali. Ban taɓa rubuta wa wani namiji wasiƙa ba sai babana, kuma in sistocin makarantarmu suka ji, kora ce. Sunana Honorine, shekarata sha biyar. Ni 'yar Firmin Maubert ce, wanda ka yi sharhin wasan kwaikwayonsa a jaridarku, ka ce kujeru ne kaɗai suka jure har ƙarshe, su ma don an kafe su da ƙusa.

Yau na zo gida hutu, na tarar ya aika maka shaidunsa da saƙon ƙalubale, wai ranar Alhamis da safe za ku yi fito-na-fito da bindiga a dajin Vincennes. Muna shan miya Mama ta ce masa, "Firmin, kai da in ka yanka burodi sai na ɗaure maka yatsa?" Ya ce, "Uwargida, sha miyarki. Mutunci ba harkar kicin ba ce." Ta ce, "To mutuncin ne zai raka Honorine coci ranar aurenta?"

Yallaɓai, babana bai taɓa riƙe bindiga ba. Kai kuwa an ce ka sha fita irin wannan karawa, kuma kullum da ƙafarka kake dawowa. Wataƙila wasan ba shi da daɗi, ban sani ba, ba a barinmu mu je kallo. Layi ɗaya nake roƙo a jarida, ka ce ba haka kake nufi ba. Ba ni da wanda zan roƙa sai kai.

Ka huta lafiya.
Honorine Maubert

Litinin

'Yata Honorine,

Gaisuwa mai yawa. Rubutunki ya fi na babanki, amma kada ki gaya masa.

Da wasiƙarki ta riga shaidunsa zuwa, da na ba ki layi goma. Yanzu ba hali. Ɗan jaridar da ya janye magana bayan an aiko masa shaidu, tasa ta ƙare: ba mai sake gaishe shi a gidan kofi, ni kuwa ba gidan wasan da zai sake karɓar nawa wasan. Ni ma ai marubucin wasa ne, an jefe ni da ruɓaɓɓen tuffa fiye da sau ɗaya, ban kira kowa daji ba.

Ga abin da zan iya. Zan je, zan tsaya, zan harbi sama. Amma kada ya ji, ko a bakin mamarki. In gari ya san an shirya abin, dariyar da za a yi masa sai ta fi ta sharhina, kuma dole ya sake kirana, wannan karon da takobi.

Ki koma kan darasinki.
Garnache

Laraba

Yallaɓai,

Ina gaisuwa, ina godiya har ban san yadda zan faɗa ba. Amma Mama ta zo makaranta ɗazu da wani labari. Kawu Anatole, tsohon soja ne, tun Litinin yake kai Baba bayan gari yana koya masa harbi. Jiya ya fasa kwalba, yau ma ya fasa. Kawu yana ta cewa, "Ashe suruki, a banza ka ɓata rayuwarka da alƙalami." Baba ya ɗauka kashe shi za ka yi, don haka da gaske zai auna ka.

Don Allah ka sake ni daga sharaɗin ɓoye masa, in gaya masa. Ko abinci na kasa ci.

Taka mai biyayya,
Honorine

Laraba da yamma

'Yata,

A'a. Kwalba ba ta kallon mutum a ido. Ki ci abincinki.

G.

Juma'a

Yallaɓai,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu. Ban san wa zai karanta maka wannan ba.

Sistoci sun bar ni na zo gida. Kawu ya gaya mana komai: an ba da alama, ka ɗaga hannunka sama ka harba, harsashin Baba kuma ya shiga hannun nan da ka ɗaga. Ya ce likitoci suna maganar yankewa daga gwiwar hannu.

Baba yana ɗakinsa, ko takalmin jiya bai cire ba. Abokansa sun zo taya shi murna da kwalaben giya, ya ce Mama ta sallame su. Da na kai masa kofi ya riƙe ni ya ce, "Honorine, me ya sa ya harbi sama? Mutumin da ya tsane ni haka?" Har yanzu ban faɗa masa dalili ba, don ba ka ce in faɗa ba.

Na samu babana da rai, kamar yadda na roƙa. Ban san abin da zai ci maka ke nan ba.

Ba na neman amsa a rubuce. In ka yarda in sake rubuto maka, ka gaya wa matar da ke tsaron ƙofar gidanku. Zan biyo ranar Lahadi bayan coci in tambaye ta. Ka yarda?

Allah ya ba ka lafiya.
Honorine