Kada a Sa wa Bencin Nan Zarto

Da sunan Allah na fara. Ni mahaifinku, kafinta, na rubuta wannan da hankalina garau, ba zafin ciwo ke magana ba, ba kuma ƙwayar likita ba. Ƙafa ta ƙi, numfashi yana ja da baya, amma kai yana nan daram. Ido ma da sauransa, shi ya sa ta tagar ɗakin nan na hango bulon da aka sauke a ƙofar shago, na kuma san katangar raba shagon biyu za a yi da shi. Da ku uku nake: kai Akawu, babbansu, mai zaman bene da kwamfuta, kai Guduma, da ka ɗauko hannuna a sana'a, da ke Auta, da kika rame wajen kai saƙo tsakanin yayyenki.

1. Gado dai wanda ya halicce mu ya riga ya raba, ba zan tsoma baki ba. Abin da ke tafe, wani kyauta ce da na yi da raina, wani kuma roƙo ne. Zartuna, gizago da gudumata na ba Guduma. Shafin shago na intanet da hulɗa da masu saye na ƙetare suna hannun Akawu. Auta, akwatin mahaifiyarku naki ne. Murfinsa yana cijewa, ɗaga shi ake yi ta hagu.

2. Maganar kwantenar kujerunmu da aka dawo mana da ita daga ƙetare. Zan faɗe ta sau ɗaya, daga nan a binne ta tare da ni.

Tun ba a haife ku ba ban taɓa sa an sare bishiya domina ba. Tsofaffin ƙofofi da katakon rufin gidajen da aka rushe nake saye, in kankare, in yi kujera. Ƙarfe kuma bai taɓa shiga kujerata ba, da ƙusar katako muke haɗawa. Da masu sayenmu suka aiko cewa an yi sabuwar doka a ƙasarsu, tsohon katako zai wuce, sabo kuwa sai da shaidar inda bishiyarsa ta tsiro, Akawu har da rawa, wai dokar domin mu aka yi ta. Ya sa hannu cewa kayanmu duk tsohon katako ne, kuma har ga Allah haka ya sani. Guduma kuwa ya fere ƙusoshinsa daga sabon katakon kasuwa kamar kullum, don tsoho idan aka fere shi siriri marmashewa yake yi. Kafinta ba ya lissafa ƙusa cikin katako, kamar yadda tela ba ya lissafa zare cikin yadi. Su kuwa can suna lissafawa. Suka zaro ƙusa ɗaya a tashar jirgin ruwa suka gwada, kwantena ta dawo, aka rufe mana shafi, aka sa sunan Akawu cikin masu shaidar ƙarya.

Akawu, na san abin da ya fi ci maka rai sunanka ne, ba asarar ba. Guduma, na san ka ce wanka ya sa hannu a kan abin da bai taɓa saukowa ya duba ba. Kowannenku ya faɗi gaskiya, sai dai rabi-rabi. Matakalar bene ce kawai tsakaninku, ɗaya bai hau ba, ɗaya bai sauko ba. Ku yafi juna, ni dai ban ga mugu a cikinku ba.

3. Bulon nan a mayar wa mai shi. Na kuma ji an ɗora awo a kan dogon benci, wai a raba shi biyu don katanga ta wuce. Ranar da labarin ya iso gare ni abinci bai shiga cikina ba. A kan bencin nan mahaifiyarku take kwantar da ku cikin ƙaiƙayin katako idan ta kawo mini abincin rana. Akwai zanen da Akawu ya yi da ƙusa a gefensa, ya sha duka a kai, ni kuma na ƙi gogewa. Ban yarda a sa masa zarto ba.

4. Babban kamfanin da ya haɗiye shagunan layinmu ɗaya bayan ɗaya, na san ya aiko wa kowannenku a ɓoye yana taya rabonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akawu ya ce hukumomi sun fara sa wa irin waɗannan manyan ido, kada su cinye ƙanana. Madalla, amma kafin su waiwayo layinmu an gama da ku. In sayarwar ta zama dole, ku sayar tare, da baki ɗaya.

5. Kada ku zagi dokar. Ta yi mana ciwo, amma ba ta yi ƙarya ba. Dajin da na sani ina yaro yau fili ne fetal. Kada kuma ku saurari masu takardar bogi, na san sun fara zarya. Ku nemi mai katakon da ke da shaida ku riƙa fere ƙusa daga nasa. Ku rubuta ƙorafi a buɗe shafin, Guduma ya yi bayanin ƙusa, Akawu ya sa shi cikin yaren da suke ji. Sunan wanka ne, Guduma, kai za ka taya shi wankewa.

6. Ba wanda ke bina kuɗi. Sai abin matse katako na maƙwabcinmu mai walda, yana ƙarƙashin benci, a mayar masa a ba shi haƙuri. Tsoho mai fenti kuma kada a sallame shi, ko da hannunsa na rawa.

7. Kujerun da suka dawo suna sito an lulluɓe su. Na sa Auta ta tura ni a keken marasa lafiya na je na gan su, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarku. Ranar da na tafi, ku fito da su masu zuwa gaisuwa su zauna; in ƙetare ta ƙi su, mutanena ba za su ƙi ba. A cikinsu akwai wata mai cin mutum biyu, ita ce ta ƙarshe da hannuna ya ƙera. Auta, ki sa ta a bakin ƙofa, kada kowa ya zauna sai yayyenki. Ban yi ta da faɗi ba, dole kafaɗa ta taɓa kafaɗa.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa sana'arku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Ku riƙe ƙanwarku, ku riƙe juna. Ba zan ga zaman nan naku a kujerar ba, shi ya sa nake roƙonku tun yanzu: ko ba za ku yi magana ba, ku zauna.