Muryarka a Ƙarƙashin Teku

Baban Zara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'imarsa. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, ba kuwa za ka buɗe ta kana gyara tabarau kamar yadda ka saba ba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma kai kaɗai na saba zuba wa, shi ya sa na zauna ina rubutu da hantsin nan, kafin Zara ta taso daga lakwal, makarantarsu.

Bari in fara da labarin gida. Na fita takaba a Damagaram, a ɗakin Inna mahaifiyarka, sannan muka dawo Lyon saboda karatun yarinya da aikina na farmasi. Inna tana nan, sai ciwon gwiwa da ya ƙi sakin ta. Duk wayar da muka yi sai ta tambaye ni girman tekun nan. Na ce mata ya fi duk tafkin da ta sani, ta ce to mene ne ya kai ɗan Damagaram tsakiyarsa? Ƙanenka Lawali ya gyara katangar gida kafin damina. Haƙoran Zara na gaba sun faɗi, in ta yi dariya sai ka ce Inna. Alhaji mai kanti na unguwar Guillotière har yanzu in na shiga sai ya miƙa hannu wajen yajin da kake so, ya tuna, ya janye hannun, ya shiga tambayata sanyi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Na je Paris. Na ji muryarka.

Ka san ban taɓa gane aikinka ba. In mutanen gida suka tambaya, cewa nake kana aikin biro, na zaman ofis. Sau nawa ka zaunar da ni kana bayani? Wai can ƙarƙashin teku, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, akwai baƙaƙen duwatsu zube kamar dankali, cikinsu da ƙarfen da ake batir da shi. Wai kamfanoni na neman izinin kwashe su, amma sai sun yi gwaji sun nuna iyakar ɓarnar da injinsu zai yi. Kai ba ka haƙa, ba ka ba da izini. Naka shi ne ka hau jirginsu ka tsaya a kansu, ka ga ko na'urar awo tana faɗin gaskiya, ko lakar da aka ɗebo an ajiye ta yadda doka ta ce, ko abin da suka rubuta shi ne abin da ya faru. Ina gyaɗa kai, hankalina na kan tukunya.

Ranar da Madam Elen, shugabar sashenku, ta kira ni, ina tsaye bayan kantar sayar da magani a farmasi. Ta ce ciwon ƙirji ne ya kama ka, jirgin yana nesa da kowace gaɓa, likitan jirgi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Daga baya na ji cewa wani matuƙi ɗan Senegal, Musulmi, shi ya rufe maka ido ya yi maka addu'a. Na kuma ji inda aka ajiye ka har jirgi ya kai tudu: ɗakin sanyi, kusa da akwatunan lakar da kai da kanka ka duba ka liƙa musu suna. Wanda ya gaya mini ya zaci hankalina zai kwanta, tunda an kula da kai. Tun ranar, duk sanda na buɗe firjin magani sanyin ya bugi fuskata, sai hannuna ya tsaya. Kai da ko a watan zafi kake kwana da safa.

Bayan na dawo daga gida ne Madam Elen ta sake kira. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ashe duk lokacin da aka saukar da na'ura mai kyamara zuwa ƙasan teku, kana zaune gaban allo kana faɗin abin da kake gani, ana naɗar muryarka tare da hoton. Ƙa'idarku ita ce duk abin da aka furta a wannan naɗi sai an rubuta shi, ba a tsallake ko kalma. To a saukarwa ta ƙarshe ka yi ta cakuɗa Faransanci da wani harshe da babu mai ji a ofishin. Lauyoyin kamfanin suka samu abin kamawa. Suka ce mai duban bai rayu ya sa hannu a rahotonsa ba, ga kuma maganganun da ba a san ma'anarsu ba, don haka a ajiye aikinka gefe a yi amfani da awon da su suka kawo. Madam Elen ta ce za a ba tafinta mai rantsuwa ya fassara, haka doka ta ce. Amma ta ji sunana a ciki, kuma ba ta so baƙo ya riga ni ji.

Na bar Zara wajen maƙwabciyarmu Hajiya Mariyama, na hau jirgin ƙasa. Na sauka gidan ƴar ƙanwar babana a unguwar Goutte d'Or, washegari na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa ofishinku. Ban taɓa taka wurin ba sai da ba ka. Sun bar kofinka a kan tebur, wanda Zara ta zana wa kifi.

Ƙaramin ɗaki aka kai ni, babu taga. Madam Elen ta ɗora mini abin saurare a kunne, ta kunna, ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Da farko duhu. Sai fitila ta haska, na ga wani abu fari-fari yana sauka a hankali kamar garin da ake tankaɗe. Sai ƙasa ta bayyana, shimfiɗe, duwatsun nan baƙaƙe zube har iyakar haske. Babu motsi, babu ƙara. Ban taɓa ganin wuri mai kaɗaici irin wannan ba.

Sai ka yi gyaran murya.

Baban Zara, na san wannan gyaran muryar ko cikin kasuwa. Na riƙe bakin teburin. Ka shiga magana da Faransancinka na aiki, a natse, kana faɗin zurfi, kana faɗin abin da ke gabanka. Muryar tana tsakiyar kaina, har numfashinka ina ji. Na juya in ga ko kana bayana.

Can kyamara ta tsaya kan wata halitta fara fat mai hannuwa takwas, jikinta kamar hayaƙi. Ta naɗe kanta a jikin wani siririn tsiro da ya fito daga kan dutse guda. Ka faɗi sunanta da Faransanci, ka ce tana kwance kan ƙwai. Sai ka sauke murya ka koma Hausa, ka ce, tabarakallah, uwa ce. Ka ce ba ta ci, ba ta tashi, sai ƴaƴan sun fito, kuma in aka ɗauke dutsen nan ba ta da wani.

Daga nan aka matsa gaba, wajen da injin kamfanin ya bi. Ƙasa ta zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, babu dutse ko ɗaya. Ruwan ya dame, laka ta tashi ta ƙi kwanciya, har fitila ba ta ratsa ta. Ka faɗa da Faransanci cewa na'urar da ke auna damewar ruwa tana nuna ruwa garau, alhali ido na ganin akasin haka. Ka nemi a rubuta. Sannan ka yi tsaki, irin wanda kake yi in ka iske an bar murhu a kunne, ka ce da Hausa tun farkon gwajin nan ka gaya musu na'urar ba ta da lafiya, suka ce za su canza, ga shi ba su canza ba. Ka ce lakar nan tana tafiya wajen da aka keɓe aka ce kada a taɓa.

Da nan ka tsaya, da na tashi na dawo gida da kuka kaɗai. Amma ka ci gaba. Ka ce ƙirjinka ya yi nauyi tun safe, kamar an ɗora maka turmi. Ka ce bari a gama wannan saukarwa tukuna, sai ka leƙa wajen likita, in ka tashi yanzu babu wanda zai shaida abin da ake gani.

Me ya sa ba ka tashi ba? Laka ce fa, Baban Zara. Laka da duwatsu da wata halitta da ba ta san da kai ba. Zara fa? Ni fa? Na cire abin sauraren na ajiye, na zauna ina kallon bango. Ban taɓa jin haushinka kamar na wannan lokacin ba, kuma babu inda zan kai shi. Daga baya na tambayi likitar da muke aiki tare ko da ka je da wuri da ka tsira. Ta ce Allah kaɗai ya sani, a tsakiyar teku babu kayan aikin da zuciya ke bukata. Na san kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma sanin bai hana ni tambaya ba.

Da na fassara wa Madam Elen, idonta ya kawo ruwa. Ta ce maganar na'urar tana da nauyi, domin ta nuna tun yaushe aka san da matsalar. Ta ce sauran kuwa, na ƙirji da wanda ka ambace ni, nawa ne, ina da ikon in nemi a cire shi daga dosiye, wato takardun binciken. Sai dai ba ta ɓoye mini ba: in aka yanke ko kaɗan, lauyoyi za su ce an taɓa naɗin, su nemi a zubar da shi duka.

Na fita na yi ta tafiya a bakin titi ban san inda na nufa ba. Kai mai kunya ne. Ko a gaban Lawali ba ka kiran sunana. Yanzu in yarda wasu Turawa masu kwat su zauna kewaye da tebur suna karanta ciwonka da sunana a takarda? Amma kuma don wannan shaidar ka ƙi tashi. In na sa aka zubar da ita, zaman da ka yi a kujerar nan ya tafi a banza ke nan. Na koma na ce a bar shi yadda yake, kada a cire komai.

Tafintan da suka samu wani dattijo ne mutumin garin Tawa. Bayan ya gama ya nemi lambata wajen Madam Elen, ya kira ya yi mini gaisuwa doguwa irin ta gida, ya ce bai san ka ba amma ya yi maka addu'a.

Ga yadda abin ya ƙare. An karɓi shaidarka. An ƙi awon da waccan na'urar ta bayar, an ce kamfanin ya sake gwajin daga farko kafin a duba maganar izini. Kada ka ce an hana su, ba a hana ba. Jirgin zai koma, wani zai zauna a kujerarka. Na tambayi Madam Elen farar halittar nan fa, ko lakar ta kai kanta? Ta ce ba a sake saukar da kyamara wajen ba, babu wanda ya sani. Ina yawan tuna ta. In taram, jirgin cikin gari, ya hau gada ina kallon ruwan kogin Rhône, sai in gan ta can cikin duhu, naɗe da ƙwanta, laka na sauka a kanta a hankali.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsiyar da nake maka in ka koma ka sake taɓa ƙofa bayan ka kulle, ko ka juya gwangwani kana neman ranar lalacewa, wallahi daɗi nake ji. Ban taɓa kwana da tsoro ba a ƙasar mutane, domin na san ka duba. Kuma kowace tafiya da ka yi, ina raka ka tasha da dariya, in dawo in kasa cin abinci. Ina tsoron tekun nan tun ranar farko. Na ɓoye maka don na ga yadda fuskarka ke haske in kana maganarsa.

Inna ba ta san zancen nauyin ƙirjin da ka daure tun safe ba, kuma ba zan gaya mata ba. Zara kuwa, sun ce in an rufe dosiye za su ba ni naɗin. Zan ajiye mata har ta yi hankali. Ban san me za ta ji ba, alfahari ko haushi. Ni duka biyun nake ji.

Saura abu ɗaya. Kusa da ƙarshe, bayan ka yi zancen likita, ka kira sunana. Balkisa, ka ce, a hankali, kamar ina gefenka. Ka ja numfashi za ka ci gaba. Sai wani ya yi maka magana daga baya, ka amsa masa da Faransanci, ka koma kan aiki, ba ka ƙara yin Hausa ba har naɗin ya ƙare. A takardar tafinta an rubuta sunana, a gabansa an rubuta cewa mai magana ya yi shiru. Na sa an maimaita mini wurin har na ji kunyar Madam Elen. Me za ka ce mini, Baban Zara? Saƙo ne? Sallama ce? Ko dai kawai so ka yi in ga abin da kake gani? Ina wanke-wanke ina jin sa, ina miƙa wa mutane magani ina jin sa, kullum kana jan numfashin nan, kullum ina jira.

Na yafe maka zaman da ka yi. Kai ma ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa masa ɗumi. Sauran maganar ka riƙe mini, in na iso ka ƙarasa.

Sai mun sadu.

Matarka,
Balkisa