A Ɗiga Mana Ruwan Ɗorawa a Rufin Gidan Jarwal

Zuwa ga Mai Girma Mudir, Shugaban Maktaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Alhaji Bala mai bas huɗu a unguwar Aziziyya, nan Makka. Ban wuce sakandare ba, amma abin da na tara da gumina na tara.

Na ɗaya. 'Yata Safiya, ɗalibar jami'a, ta binciko tsofaffin taswirorin inshorar gobara da kuke ajiye wa masu bincike a ɗakin karatunku. A taswirar, launin ja gidan dutse ne, ruwan ɗorawa na katako. Ta gano gidan da aka haife ni a unguwar Jarwal, wanda yanzu otal ne a wurin. Ja wur, hawa uku!

Na biyu. Shekara talatin ina gaya wa 'ya'yana a sandaƙa, wato bukkar katako da kwano, na tashi, na yi dako a Mina. Kuma gaskiya ne. Gidan na wani attajiri ne, mu a kan rufinsa muke. Mai zanen bai hau ba, don rufin wurin mata ne, kuma katanga ta kewaye shi. Daga titi ya tsaya ya azurta mu.

Na uku. Talatar da ta wuce na zo da alƙalamina ruwan ɗorawa don in gyara, ɗigo ɗaya tak. Ma'aikacinku ya ƙwace, ya raka ni har bakin ƙofa a gaban ɗalibai, wai tarihi zan ɓata. Tarihin wa? Ni ne fa na kwana a wurin!

Ga inda abin ya kai: ɗana Faisal, wanda da ƙyar na shawo kansa zai bi bas zuwa Mina a hajjin bana, ya ɗauki hoton taswirar a waya. Da na buɗe baki sai ya nuna mini jan nan, ya koma ya kwanta.

Saboda haka ina roƙon a liƙa takarda kusa da taswirar, a rubuta cewa akwai mutane a sama, kafin alhazai su fara sauka. Shaidana Baba Inuwa, tsohon maƙwabcinmu, yana raye, amma a hanzarta, jiya da sunan mahaifina ya kira ni. A kuma maido mini alƙalamina.

In hakan ya gagara, zan riƙa turo muku Faisal kowace safiya. Ku kuka mai da shi jikan attajiri, sai ku ciyar da shi.

Allah ya ƙara wa Mudir lafiya, ya tsare maktaba daga gobara.

Wassalam.
Alhaji Bala, Aziziyya, Makka.