Zanen Zumunta a Bayan Jaket

Duk wanda ya buɗe littafin nan, ya rufe shi. Gloria 'yata, da ke nake musamman. Ba a yi tarbiyyarki don leƙen kayan manya ba.

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Mama Rhoda, shugabar zumuntar matan cocinmu, ta tare ni a kasuwar Sabon Tasha. Wai jiya ta ga Nathan ɗina yana sauka daga keke, ido raɗau da kwalli, a bayan jaket ɗinsa kuma zanen zumunta. Na ce idonta ne. Na dawo na buɗe akwati. Tsohon zanena, wanda na ɗaura ranar da aka karɓe ni cikin zumunta, an yanke tsakiyarsa, daidai inda aka buga ayar Littafi Mai Tsarki. Ko ɗinki bai yi ba, da fil ya maƙale shi.

Da na tare Nathan, sai ya ce, "Mama, girmamawa ce fa. Haka 'yan fank ke yi da abin da suke ƙauna."

Na ce fankin me? Wai kiɗa ne. Na karɓe wayarsa, inda waƙoƙin suke.

Laraba, 3 ga Yuli

Dattawan ikilisiya za su zauna ran sha huɗu ga wata. In na kai musu wayar da maganar, horo ne: ya ajiye jita, ya koma bencin baya. Tun yana ƙarami yake kaɗa jita a sujada, yanzu shekararsa sha tara, kuma tunda jarrabawar shiga jami'a ta ƙi, ba shi da komai sai ita. Amma ni ce bara na kai ƙarar ɗan Charity, 'yar zumuntarmu, a kan sigari. Ban yi kuskure ba. Yanzu idon mata duk a kaina yake.

Sai dai ba na kai ƙarar abin da ban ji da kunnena ba. Zan saurari komai tukuna.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na kunna ina tsintar wake. Kamar an watso kwanuka daga saman bene. Mawaƙin ba waƙa yake ba, faɗa yake yi da wani. Kafin ka gane kanta ta ƙare, wata ta faɗo.

Ga hotuna kuma. Ƙarti da jan baki, riga mai ƙyalli, takalmi mai tudu kamar turmi. Waɗannan, in ji Nathan, wai su ne 'yan kiɗan gilam. Na ce ina iyayensu mata suke?

"Mama, kina goye aka ɗauki hoton nan. Yanzu kakanni ne."

Ya ce yawancinsu faifai ɗaya suka yi suka watse, ko a ƙasarsu ba a san su ba. Wasu tsofaffi ne ke tono faya-fayan suna sawa a intanet, shi kuma yana bi yana tsinta. Na ce wato mutanensu sun ƙi su, sai kai ɗan unguwar Narayi ka karɓi baƙi.

Asabar, 6 ga Yuli

Kaina na ciwo. Zagi akwai. Sunan Shaiɗan dai ban ji ba har yanzu.

Talata, 9 ga Yuli

Akwai wata da ta fi ƙarfin Turancina na sakandare, bakinsu kamar da dankali mai zafi. Na kira Nathan ya fassara. Ya ce sunan ƙungiyar da Hausa kamar Ɓerayen Masaƙa ne. An rufe masaƙar garinsu. Uban mawaƙin bai daina tashi da asuba ba, ya goge takalmi, ya zauna a bakin gado, babu inda zai je. Abin da yaron ke ihu a kai ke nan.

Baban Nathan na falo yana gyaran fanka. Ban san yana ji ba. Sai ya ce, "Sake sa ta."

Ya ajiye sukundireba. Ƙafarsa na buga ƙasa. Ya ce gangar nan, haka injin saƙa ke yi in duk layi ya tashi. Mutumin da tun da aka rufe masaƙarsu a Kakuri bai ƙara ambatarta ba, yau ya zauna yana ba yara labarin jiniyar canjin aiki, da yadda kekuna ke cika titi har mota ta rasa hanya. Nathan ya saki baki. Bai taɓa ji ba.

Ni ma na san takalmin nan. Haka babansu ya riƙa goge nasa.

Alhamis, 11 ga Yuli

Gwajin waƙar zumunta. Charity ta ce wa ta kusa da ita, yadda zan ji, "Wasu 'ya'yan da kwallinsu ake haifarsu." Na share.

Ina kaɗa tulu, Mama Rhoda ta tsayar da waƙar. "Larai, ina za ki da wannan sauri? Wa ya biyo ki?" Hannuna ne kawai ya ɗauko saurin kiɗan Nathan.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ban kai wayar ba.

Na tsaya gaban dattawa na ce zane nawa ne, ɗa nawa ne, na bincika waƙoƙin da kunnena, na sami rashin kunya da ciwon kai, ban sami abin horo ba. Baba Musa, babban dattijo, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce tunda Maman Nathan ce ta faɗa, shi ke nan. Nathan ya durƙusa gaban matan zumunta ya roƙi gafara, ido fes ba kwalli. Bayan haka ya ɗauki jitarsa.

Charity ta yi tsaki ta fita. Tana da gaskiyarta. Sai na je gidanta, ban san me zan ce ba tukuna.

Bayan abincin rana na tara 'yan gidan. Daga yau a gidan nan ba mai toshe kunne ya ji waƙa shi kaɗai. Duk wata ƙungiya da aka tono, a kawo min ita kafin kowa. Ranar Asabar da la'asar za a kunna a falo, a fili, ina zaune, domin in sa ido. Babansu ne zai zaɓi ta farko.