A Bar wa Hayin Kanya Asabar ta Fari

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Bikin Kaka da Baje-Koli na Tudun Maɗaci,
ta hannun Magatakardan Kwamiti.
Kwafi ga Shugaban Kwamitin Biki na Hayin Kanya.

Mai girma Shugaba,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina gajiyar hidimar jama'a, yaya iyali da sauran 'yan kwamiti? Ubangiji ya ba ku ladan wahalar da kuke sha saboda garin nan.

Ni ne Yohanna, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, wanda yaran gari ke kira Baba Tasha. Da mahaifinka, Allah ya ba shi hutawa, muka zauna benci ɗaya a makarantar mishan, don haka ko da na kira ka Shugaba, a zuciyata ɗana kake. Ka yi haƙuri da na fito da wannan magana fili. Bara na aika maka ta bakin dattijon ikilisiya, bana na sake aikawa ta wurin maiɗakinka, amsar duka ita ce kwamiti yana dubawa. Kwamiti yana da lokacin dubawa. Ni ba ni da shi.

1. Abin da muka tarar

Tudun Maɗaci da Hayin Kanya rafi ne kawai ya raba su, kuma tun kakanninmu ganga ɗaya muke da ita ta biki. Itacenta daga dajinmu aka sara, fatarta kuwa kullum daga gidan mahautan Hayin Kanya take fitowa. Da yake ganga ɗaya ba ta kaɗuwa a wuri biyu, sai aka raba ranaku: gari ɗaya ya ɗauki Asabar ta fari bayan Kirsimeti, ɗayan ya ɗauki mai bi mata, baɗi kuma a juya. Kafin biki samarin garuruwan biyu kan fito gayya da fartanya da kwando, su cike ramukan hanya, su jera duwatsu a mashigin rafi, domin a-kori-kura ta iya ƙetarewa da ganga. A gaban motar ana zaunar da dattijo ɗaya mai rakiya, a can ma dattijo ɗaya ke tarbarta. Tun da na bar aiki ni ne mai rakiya daga nan. Mai tarba a can shi ne Malam Garba mahauci.

2. Inda aka ɓata

Shekarar korona, Hayin Kanya ne ke da Asabar ta fari. Gwamnati ta hana taro, ba wanda ya yi biki. Da shekara ta zagayo, kwamitinmu ya ce shekararsu ta riga ta wuce, yanzu tamu ce. Su kuma suka ce ba su yi komai a cikinta ba, ta yaya za a ce sun ci rabonsu? Aka yi zama a nan, aka yi a can, kowa ya tashi da maganarsa. Ƙarshe garuruwan biyu suka yi biki rana ɗaya, kuma haka ake yi har yau. Ganga tana kulle a ɗakin ajiya na fadar garinmu. A madadinta kuna hayar mai kiɗan lasifika daga Kafanchan, su ma suna hayar nasu daga Zonkwa, idan iska ta juyo sai ka ji kiɗan biyu suna karo a kan rafi.

Shugaba, na san dalilin da ba a faɗa a wurin taro. A Asabar ta fari 'ya'yanmu na Kaduna da Abuja suna gida, manyan baƙi ma ranar suke amsa gayyata. Kafin ta biyu yawancinsu sun koma bakin aiki. Ban raina wannan dalili ba. Amma a ganina mutanen Hayin Kanya suna da gaskiya, kuma na faɗi haka ina ɗan Tudun Maɗaci, wanda kabarin matarsa ke bayan cocin garin.

3. Abin da gari ya rasa

Da, mace mai acca ko gwaza ko man ja tana da kasuwa biyu, abin da bai ƙare a nan ba ta kai shi can. Masu zuma da masu tukwane daga wajen Nok sukan kwana a tsakaninmu har a gama duka biyun. Masu sayen citta na Kachia su ma haka. Yanzu kowa sai ya zaɓi gari ɗaya, wasu ma sun daina zuwa, sun ce rabin kasuwa bai kai a ɗauko mota ba. 'Ya'yanmu mata da ke aure a ƙetare, ranar biki ba su san inda za su sa ƙafa ba, gidan uba ko gidan miji. Tsiren Hayin Kanya, wanda Kirista da Musulmi ke ci ba tambaya, ya daina zuwa filinmu.

Hanyar kuma, tunda ba gangar da za a ƙetarar, ba wanda ya sake kiran gayya. Damina ta kwashe duwatsun mashigi ɗaya bayan ɗaya. Yau babur ne kawai ke bi, shi ma sai fasinja ya sauka a tura.

4. Abin da ya shafe ni

Wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ba zan ɓoye ba.

Ni da Garba mun san juna tun ina riƙe tuta a tasha, shi yana tallar nama a bakin taragu. Yakan ce da ni Mai Tuta, wai duk rayuwata ina ɗaga wa wasu hannu suna tafiya, ni ina tsaye. Ni kuma ina ce masa Sarkin Fawan da ba a naɗa ba. Ranar da ganga ta isa garinsu, kafin a sauke ta sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar, ya dube ni ya ce mun sake barin ta a rana, mu mutanen Tudu ba mu san darajar fata ba sai ta alade. Ni kuma in ce saniyar da ya yanka ce ta mutu da yunwa. Haka muke yi kowace shekara, maganar ba ta canzawa, dariyar ma ba ta raguwa. Idan bikinmu ne, a ɗakina yake sauka. Matata marigayiya Saratu ta ware masa tabarma da buta, da tukunyar da ba a dafa komai a cikinta sai abincinsa. Suna nan a inda ta bar su.

Saratu ta rasu bayan korona. Garba ya zo gaisuwa a kan babur, lokacin yana da sauran ƙarfi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, kunnensa ma ya toshe, ko an kara masa waya ba ya jin komai sai ya riƙa cewa waye, waye. Ni kuma na faɗi a bayan gida na goce ƙugu, likita ya hana ni hawan babur. An ce in zaga ta titin Zonkwa, amma daga bakin titi zuwa ƙofarsa ma babur ne. Garin da nake hango hayaƙin girkinsa daga ƙofar ɗakina ya fi mini Legas nisa.

Sa'o'ina da muka taso tare sun ƙare, Shugaba. Idan na zauna a coci na duba hagu da dama, ba wanda ya san ni da baƙin gashi. 'Ya'yana maza suna Kudu, sukan aiko da abin da Allah ya hore. Autata Sista ce ta coci, tana hidima a ƙasar Italiya. Da na ba ta labarin nan a waya, ta ce garin da take zaune da na kusa da shi su ma kowanne yana da bikinsa na shekara da kasuwar baje-kolinsa, amma sukan jera ranakun yadda mutum zai ci wannan ya je ya ci wancan. Ta ɗauka dabara ce take koya mini. Na ce mata ai haka ta tarar da mu muna yi, ta manta ne.

A makon jiya wani mai sayar da zuma ya biyo da saƙo daga Garba. Bakinsa ya karkace, da ƙyar mutumin ya gane abin da yake faɗa. Ya ce a gaya wa Mai Tuta, in bai zo bana ba, kada ya wahalar da kansa baɗi.

5. Roƙona

Na farko, ku bar wa Hayin Kanya Asabar ta fari a bana. Ko da kuna ganin ku ne da gaskiya, ku bar musu. Baɗi ta dawo mana, lissafi ya miƙe. Abin da za mu rasa baƙi ne na shekara ɗaya.

Na biyu, a kira gayyar hanya tun yanzu da ruwa ya janye. Samarin ba su ƙi ba, ba a kira su ba ne. Na tambayi wasunsu.

Na uku, a buɗe ɗakin ajiya a duba gangar. Ina tsoron gara. In fatar ta lalace, 'ya'yan Garba suna nan suna fawa, sun san yadda ubansu ke yi.

Na huɗu, a bar mini kujerata a gaban mota wannan karon kawai. Bayan shi ku naɗa wanda kuka ga dama, ba zan ce komai ba.

Ga Shugaban Hayin Kanya, wanda na san wannan takarda za ta isa hannunsa: in mutanena sun sauko, ku tarbe su da fuska, kada a yi musu gori.

Kowace shekara kwamitinka kan aiko mini da katin gayyata, a zaunar da ni a rumfar manya, a kira sunana a lasifika. Na gode. Amma in an sake yin bikin nan rana ɗaya, a ba wani kujerar. Ranar zan ɗauki sandata da safe in kama hanyar rafi. Na san ƙafata, ban ce za ta kai ni ba. Abin da nake roƙo shi ne, duk wanda ya same ni zaune a bakin hanya, kada ya mai da ni gida. Ya ƙarasa da ni gaba.

Ubangiji ya ba ka hikima da taushin zuciya, ya tsare ka da iyalinka, ya ba ka tsufa a cikin mutanen da suka san ka. Ya ba garuruwanmu biyu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam, naka cikin girmamawa,

Yohanna (Baba Tasha),
Mai rakiyar ganga, Tudun Maɗaci.