Shurin Munkaila a Kan Ƙanƙara

Madinat Nasr, Alƙahira
9 ga Maris, 2013

Yaya Zeinabu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Zauna tukuna. Ƙanenki da aka turo karatun fiƙihu ya zama ɗan wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, har albashi ake ba shi! Takalminmu wuƙar ƙarfe ce a ƙasansa, da ita muke sulɓi, muna korar wani baƙin faifan roba da sanduna. Maƙwabcina Hussain, Bamisre, shi ya koya mini. Wata uku ina zubewa, yana ɗaga ni yana cewa, "Yalla, yalla!", wato "tashi mu je" da Larabcinsu.

Bana na ci ƙwallo sha ɗaya. In rigima ta tashi kuwa, sai a yar da safar hannu a dambace har ɗaya ya faɗi. Na fasa hanci biyu, ni ma haƙorina ɗaya ya tafi. Wani Bature zai zo wasan ƙarshe ya ɗauki mutum guda zuwa ƙungiyarsu a Turai. Wallahi ko barci nake ina ganin jirgin da zai kai ni can.

A gaida Inna.
Munkaila

Maraɗi
2 ga Afrilu, 2013

Munkaila,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ban da ni da na karanta takardarka.

Kai, ni za ka yi wa burga? A damben mahautan unguwarmu hannunka yaudara ne kawai, da ƙafa kake kayar da mutum. Ka manta Rashid da ka shura a muƙamuƙi ya yi wata biyu yana shan kunu? Ƙafar nan ba ta shawara da kai, kuma ita ka ɗaura wa wuƙa! Tsoro nake ji, na faɗa maka. Ka ci ƙwallonka ka je Turai, amma in an yar da safar hannu, kada ka yar da taka.

Allah ya shirye ka.
Yayarka

Alƙahira
20 ga Mayu, 2013

Yaya,

Ina gaisuwa.

A wasan ƙarshe Hussain yana ƙungiyar da muka kara da ita. Ya maka ni da katanga, leɓena ya tsage, jama'a suka hau ihu. Na ga Baturen yana kallo, na yar da safata. Na naushe shi, ya rama. Sai ya cafke rigata ya danne hannuwana, yana dariya ma, Yaya, don a wajensa wasa ne.

Ƙafata ta tashi.

Wuƙar ta buɗe masa cinya. Jini ya yi tsartuwa har fuskata, ƙanƙara ta koma ja. Ɗan mahauci ne ni, na gane babbar jijiyar jini ce ta tsinke. Na cusa hannu cikin raunin na matse har motar asibiti ta zo. Uwarsa, Mahasin, ta mare ni sau uku a ƙofar asibitin, ban kauce ba.

An kore ni daga wasan har abada. Khalas, an gama. Ki yi masa addu'a, ni ban cancanta ba.

Munkaila

Alƙahira
4 ga Nuwamba, 2013

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ga takardunki uku, kunya ce ta hana ni amsawa.

Hussain ya rayu, amma ba zai ƙara sa takalmin ba. Bai yi mini magana ba har yau. Kullum da safe ina zuwa gidansu yana koyon tafiya. Jiya ya yi taku huɗu ya zube. Na ɗaga shi, na ce, "Yalla." Ya daɗe yana kallona, sannan ya dafa kafaɗata.

Ƙanenki,
Munkaila